Tarkon "idan": yadda ake gane hujjar da ta juya sharaɗi a tambayoyin lojik

Ga wata 'yar hujja, karanta ta da sauri yadda mutum ke karatu a ɗakin jarrabawa agogo na bin sa: "Duk ɗalibin da jami'ar nan ta ba gurbin karatu kyauta, to ya ci jarrabawar shiga. Ladi ta ci jarrabawar shiga. Ashe ke nan an ba Ladi gurbin karatu kyauta." In ka ji kamar maganar ta zauna daidai, to kai da yawancin mutane tafiyarku ɗaya, kuma a nan ne masu shirya tambayoyin lojik, wato ilimin auna hujja, ke cin kasuwarsu. Jumlar farko cewa ta yi duk wanda aka ba gurbi ya ci jarrabawa. Ba ta ce duk wanda ya ci jarrabawa an ba shi gurbi ba. Wataƙila mutum 1000 suka ci, 10 aka ɗauka, Ladi tana cikin 990 ɗin da suka koma gida da sakamako mai kyau a hannu amma ba gurbi.

Irin wannan tambaya ta cika jarrabawar LSAT, wadda masu neman shiga makarantar koyon aikin lauya a Amurka da Kanada ke zaunawa. Tun watan Agustan 2024 da aka cire sashen wasannin lojik daga cikinta, biyu cikin sassa ukun da ake ba maki duk na auna hujja ne, kowanne minti 35 da tambayoyi wajen 25, wato ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi kan kowace tambaya, ga zaɓi biyar kuma kowanne an yi masa kwalliya. GMAT ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci ita ma tana da nata, haka gwaje-gwajen da kamfanoni ke yi wa masu neman aiki. Da turanci ake rubuta yawancinsu, amma tarkon ba ruwansa da yare, ko da Hausa aka ɗana shi zai kama.

Abin da ya kamata ya fara zama a kai shi ne jumla mai sharaɗi titi ce wanwe, hannu ɗaya take tafiya. "Idan batir ya ƙare, waya za ta mutu." Masu shirin zauna jarrabawa suna rubuta ta da kibiya: batir ya ƙare → waya ta mutu. Abin da ke gindin kibiya shi ne wanda ya isa, da ya samu shi kenan na gaba ma ya samu. Abin da ke tsinin kibiya shi ne na dole, wanda ba makawa sai ya biyo. Daga wannan jumla abu biyu kacal ka isa ka ciro. In an ce maka batir ya ƙare, ka ce waya ta mutu. In an ce maka waya na aiki lafiya lau, ka ce batir bai ƙare ba, wato ka juya kibiyar kuma ka kore ɓangarorin biyu a lokaci guda. Kar ka ce ai in an jona caja fa, a jarrabawa abin da aka ba ka a matsayin tushe gaskiya ne ko da a duniya ba haka yake ba, aikinka ka duba ko sakamakon ya fito daga cikinsa.

Sauran biyun su ne ramin. Na farko a ce waya ta mutu don haka batir ya ƙare, alhali ƙila faɗuwa ta yi a ruwa ko allon ne ya ƙone, an juya kibiya ba a kore komai ba. Na biyu a ce batir bai ƙare ba don haka waya ba ta mutu ba, an kore amma ba a juya ba. In ka lura ma tagwaye ne, duk wanda ya yarda da ɗaya ya yarda da ɗayan, domin dukansu sun ginu kan zaton cewa ƙarewar batir ce kaɗai hanyar mutuwar waya, abin da jumlar ba ta taɓa faɗa ba.

Ba sabon abu ba ne fa. Aristo tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya lissafa shi cikin kurakuran hujja, misalinsa ma shi ne tunda ƙasa na jiƙewa bayan ruwan sama, sai mutane su ga ƙasa a jiƙe su ce an yi ruwa. Malaman mantiƙi na Musulunci suna kiran ɓangarorin biyu muƙaddami da tali, wato gindi da tsini, ƙa'idarsu kuma ita ce dai wannan, tabbatar da muƙaddami na haifar da tali, kore tali na kore muƙaddami, sauran siffofi biyun ba sa haifar da komai. Wanda ya ɗan leƙa usulul fiƙihu kuwa ya riga ya san rabin darasin, don a can ana cewa sharaɗi shi ne abin da in babu shi to babu abin da aka rataya a kansa, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwar abin ba. Ba alwala ba sallah, amma ganin mutum da alwala ba ya nuna ya yi sallah. Alwala a tsinin kibiya take.

To me ya sa abu mai sauƙi haka yake kayar da masu ƙwaƙwalwa? A ganina amsar da ta fi ƙarfi ita ce hirar yau da kullum ce ta horar da mu a haka, kuma a hira ba laifi ba ne. A 1971 wasu masana harshe biyu, Michael Geis da Arnold Zwicky, sun nuna cewa in ka ce wa yaro idan ya yanke ciyawar gida za ka ba shi dala biyar, abin da zai ji shi ne in bai yanke ba babu ko sisi, kuma kai ma abin da kake nufi ke nan ko da bakinka bai furta ba. Wato a magana ta fatar baki mun saba cike wa "idan" ɗaya hannun da kanmu, muna jin ta kamar tana tafiya gaba da baya. Jarrabawa kuma ba ta biyan ka don abin da ka fahimta ana nufi, abin da aka rubuta kawai take lissafawa.

Akwai gwajin da ya fito da wannan fili, na Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, a 1966. Kati huɗu a kan tebur, kowanne harafi a fuska ɗaya lamba a ɗaya fuskar, kana ganin E, K, 4, 7. Doka ta ce idan kati na da wasali a fuska ɗaya, to a bayansa akwai lambar da 2 ke rabawa ba saura. Waɗanne katuna ne dole ka kifa don ka san ko an karya doka? Yawancin mutane E da 4 suke ɗauka, ko E shi kaɗai. Amsar E da 7 ce, kuma a irin wannan siga mutum ɗaya cikin goma ne ko ƙasa da haka yake samu. Duba 4 ɗin nan da kyau: in ka kifa ka ga wasali doka ta zauna, in ka ga baƙi ma doka ta zauna, don ba ta ce baƙaƙe ba za su iya ɗaukar irin wannan lamba ba, to me ka je yi can? Shi kuwa 7, da ka kifa ka ga A a bayansa magana ta ƙare, an karya. Masu ɗaukar 4 juya kibiya suka yi, masu barin 7 kuma sun manta da kore tsini.

Abin ban sha'awar shi ne a 1982 Richard Griggs da James Cox a Jami'ar Florida suka sake gwajin da wata riga. Doka: idan mutum na shan giya to sai ya wuce shekara 19. Mutum huɗu, mai shan giya, mai shan lemo, ɗan shekara 22, ɗan shekara 16. Nan take wajen kashi uku cikin huɗu na ɗalibai suka gane mai giya za a tambayi shekarunsa, ɗan 16 kuma a leƙa kofinsa, ba wanda ya damu da abin da ɗan 22 ke sha. Ƙashin tambayar ɗaya ne da na katunan Wason. Leda Cosmides da John Tooby daga baya sun ce dalili shi ne ƙwaƙwalwarmu ta ƙware a farautar mai cin amanar doka, wasu masanan ba su yarda da wannan bayani ba, amma ga mai jarrabawa darasin a bayyane yake: kar ka tambayi kanka ko hujjar ta yi daɗin ji, ka nemi wanda zai karya ta. Shin akwai halin da duk tushen zai zama gaskiya amma sakamakon ya zama ƙarya? In ka iya ƙirƙiro ko da mutum ɗaya, irin Ladi da ta ci jarrabawa ba gurbi, hujjar ta faɗi.

Sai dai a tambaya ta gaske ba a miƙo maka "idan kaza to kaza" a faranti. Ana ɓoye kibiyar cikin ƙananan kalmomi, kuma a nan ne maki ya fi zubewa. "Idan", "duk wanda", "duk lokacin da", "da zarar", abin da ya biyo su gindi ne, ko da a ƙarshen jumla suka zo, "za a rufe filin wasa idan aka yi ruwa" har yanzu ruwa → rufewa ne, ba wai don rufewa ta fara fitowa ba ta zama gindi. "Sai", "sai idan", "dole", "kaɗai", "ana buƙatar", abin da suka nuna tsini ne. "Likitoci ne kaɗai ke shiga ɗakin nan" ba ta ce kowane likita na shiga ba, cewa ta yi wanda ka gani a ciki likita ne. Mafi wahala ita ce "sai dai in". Ɗauki "jirgi zai tashi sai dai in an yi hazo". Abin da ta lamunce maka shi ne in babu hazo jirgi zai tashi, in kuma bai tashi ba to an yi hazo. In an yi hazon fa? Ba ta ce komai ba, hazo ya buɗe ƙofar fasawa ne kawai, matuƙi na iya ganin bai yi kauri ba ya tashi abinsa. Kunne ba ya son wannan ko kaɗan, amma haka masu shirya jarrabawar ke karanta ta.

Bari mu ɗauki guda cikakkiya mu bi ta a hankali. Wani ɗan majalisar birni ya ce: "Birni ba zai jawo manyan kamfanoni ba sai yana da wutar lantarki tsayayya. A shekarun nan mun gyara tashoshinmu, yanzu wuta ba ta ɗaukewa. Saboda haka masu shakka su kwantar da hankalinsu, zuwan kamfanoni ya zama tabbas." Tambaya: ina aibin hujjarsa? Kafin ka kalli zaɓi ko ɗaya, zana. "Sai" ta faɗa kan wuta, to wuta tsini ce: kamfanoni sun zo → akwai wuta. Shi kuma ya ce akwai wuta don haka za su zo. Ya shiga wanwe ta baya. Mai karya masa magana shi ne birni mai wuta dare da rana amma ba tsaro, ko haraji ya yi yawa, kamfanoni suka ƙi zuwa.

Yanzu zaɓin. Wani zai ce bai yi la'akari da tsadar gyaran tashoshi ba, wannan ba ruwansa da hujjar, wuce. Wani zai ce ya manta cewa wasu kamfanoni kan zo ko babu wuta, wannan yana jan hankali sosai don ya yi kama da suka mai ma'ana, amma tushen yake ƙaryatawa, mu kuma mun karɓi tushe, bayan haka ma ko gaskiya ne ai ƙara wa ɗan majalisar ƙarfi zai yi. Sai a bar ka da biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara. Ɗaya ya ce ya ɗauki abin da ake buƙata kafin a samu sakamako a matsayin abin da shi kaɗai ya isa ya kawo sakamakon. Ɗayan ya ce ya ɗauki abin da ya isa ya kawo sakamako a matsayin abin da dole sai da shi. Kama da wane ba ta wane. Dabarar ita ce ka cire "abin" da "sakamako" ka zuba ainihin kayan tambayar a gurbinsu. Sakamako shi ne zuwan kamfanoni, abin kuma wuta ce. An ce wuta ana buƙatarta? E, an ce. Ya mai da ta isasshiya? E. To na farko ne. Na biyun yana buƙatar a ce tun farko wuta ta isa ta kawo kamfanoni, ba wanda ya faɗi haka a tushe. Mutane da yawa sun gano aibin sarai a kansu, a wannan mataki na ƙarshe suke zubar da makin saboda sauri. Wani lokaci kuma amsar ba ta zuwa da wannan yaren na malamai sam, sai dai a ce "bai yi la'akari da cewa birni na iya samun wuta kuma kamfanoni su ƙi zuwa ba", abu ɗaya ne aka sauya masa riga.

In sharuɗɗan sun yi yawa sai a haɗa sarƙa. A → B, B → C, to A → C, lafiya lau, tsinin wannan ya shiga gindin wancan. Inda ake yaudara shi ne kibiya biyu su haɗu a tsini ɗaya, duk lauya ya iya jayayya, duk ɗan kasuwa ya iya jayayya, sai a ce ashe lauya ɗan kasuwa ne. Ba su haɗu ba, wuri ɗaya kawai suka nufa. Sannan akwai "da" da "ko", waɗanda ke musanya wuri in an juya an kore, ƙa'idar da ake jingina wa Augustus De Morgan na ƙarni na 19. "Idan an ɗauke ka aikin nan, kana da digiri da kuma gogewa." Juyinta na daidai shi ne in ba ka da digiri ko ba ka da gogewa, ba a ɗauke ka ba, rashin ɗaya ya wadatar. Zaɓin tarko zai nuna kamar sai ka rasa duka biyun.

"Wasu" da "galibi" kuma ba kibiya ba ne, kar a yi musu hukuncinta. "Wasu direbobi mawaƙa ne" tana juyuwa ba matsala, wasu mawaƙa direbobi ne. "Galibin matuƙan jirgin sama maza ne" ba ta juyuwa zuwa galibin maza matuƙan jirgi ne, kuma ba a yi mata juyi da korewa, don ganin mace ba ya nuna ba matuƙiya ba ce.

Akwai wani gefe da masu koyar da dabarun jarrabawa kan yi wa gaggawa, ni kuma ina ganin ya cancanci a tsaya. Tafiya daga tsini zuwa gindi ba wauta ba ce a rayuwa. Likita ƙuraje yake gani ya yi zargin ƙyanda, makanike ƙara yake ji ya yi zargin wani sashe na inji, ruwa ba ya tsami banza. Amma likitan kirki cewa yake mai yiwuwa, sai ya sa a yi gwaji. Don haka ka duba nauyin sakamakon da aka yanke. In ɗan majalisar can cewa ya yi yanzu an cire ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana kamfanoni zuwa, ba wanda zai kama shi, kalmar "tabbas" ce ta kashe shi. Wanda ya haddace cewa duk inda aka taɓa tsini akwai kuskure zai riƙa ganin aibi a inda babu, ya bar na gasken yana kallonsa.

Haka kuma gaskiyar sakamako ba ta wanke hujja. "Duk kifi a ruwa yake rayuwa, tarwaɗa a ruwa take rayuwa, don haka tarwaɗa kifi ce." Kifi ce mana, shi ya sa kai ke gyaɗawa. Cire tarwaɗa ka sa dorina ka ga yadda ginin zai rushe, alhali ba abin da ya canza a tsarinsa. Jonathan Evans da abokan aikinsa sun auna wannan a 1983, suka ga mutane sun fi karɓar gurguwar hujja in sakamakonta abu ne da suka riga suka yarda da shi. Masu shirya tambaya sun san haka, shi ya sa suke son sakamako mai daɗin ji, irin su karatu na da amfani ko motsa jiki na ƙara lafiya, don ka sassauta.

Kuma ba kowace tambaya mai "idan" ce aibinta ke cikin kibiya ba. Wani lokaci tsarin daidai yake tsaf, an tabbatar da gindi an ciro tsini, amma an yi musanyar kaya a hanya, tushe ya ce "idan kamfani ya ci riba" sai hujja ta kawo cewa cinikinsa ya ƙaru, ciniki kuwa daban riba daban. A nan zaɓin da ke maganar isasshe da na dole shi ne tarkon, an ajiye shi musamman don wanda ya saba ganinsa a matsayin amsa.

Nau'in da ya fi cin lokaci shi ne wanda za a ba ka gurguwar hujja a ce nemo wadda gurguntarta ta yi daidai da ita cikin biyar, kowacce sakin layi guda. Kar ka karanta su kamar labari. Mai da ta sama haruffa tukuna, A → B, B, don haka A, sannan ka bi zaɓin kana neman wannan ƙashin. Wanda ya zo da maudu'i irin na sama, a ce ita ma maganar birni da kamfanoni ce, yi masa kallon tuhuma, sau da yawa ado ne. Wanda tsarinsa lafiyayye ne ya fita, tunda gurguwa ake nema. Wanda ya kore gindi maimakon ya tabbatar da tsini, in akwai wani da ya fi shi dacewa, shi ma ya fita duk da tagwaye ne. Jerin jumlolin kuma ba ya cikin lissafi, ana iya fara kawo sakamako a zaɓin alhali a sama shi ne ƙarshe, don haka ka fara nemo kalmar "don haka" ko "tunda" ka san wace jumla ce ke ɗauke da wace kafin ka zana kibiya.